Kafin Ya Tayar da Mota

Mijina ya rasu a tsakiyar damina. Ya bar mini 'ya ɗaya a makarantar kwana a Zariya, da gidan haya a Makarfi, da wata farar mota ta hannu, 'yar Beljiyam, wadda ta ƙi tashi tun da na dawo daga jana'izarsa. A kan motar nan na yi faɗa da wansa, na yi da bakanike, na yi da Ubangiji ma, Allah ya gafarta mini.

Ni ungozoma ce a asibitin gwamnati. Sista ake kirana, har tsofaffin da suka yi jika da ni. Aiki ne ya kawo mu daga kudancin Kaduna, ni da shi, shi malamin gona. Lokacin sojoji ke mulki, albashi sai ka manta da shi yake zuwa, mai naƙuda kuwa sai ta taho da kyandirinta da rezarta da sabulunta, in ba haka ba mu yi ta kallon juna. Da ya ga aikin ofis ya koma zaman hira, sai ya kama fadama a wajen Gazara ya shuka rake. Raken ne ya sayi motar, ba gwamnati ba.

An san ni da baki, ban musa ba. Shi kuma in ka ji muryarsa, to tambayarsa aka yi. Mutane suna mamakin yadda muka zauna, ni kuwa ban ga abin mamaki ba, ai dole a samu mai saurare a gida.

Ɗanmu na fari namiji ne. Ƙyanda ta ɗauke shi yana fara tafiya, a hannuna, ni da ake kawo wa 'ya'yan mutane. Tun ranar da muka binne yaron nan mijina bai sake taka coci ba. Zai kai ni har bakin ƙofa ranar Lahadi, ya juya. Fasto ya zo, dattawa suka zo, ya shimfiɗa musu tabarma, ya fere musu rake, suka yi wa'azinsu suka gaji suka tafi. In ina sa albarka a kan abinci zai janye hannu ya jira in gama, amma Amin ɗin nan ba za ta fito ba. Na yi masifa, na yi kuka, na yi lallami. Sau ɗaya tak ya ba ni amsa, yana ɗaure igiyar takalminsa. Ya ce, "Ni da shi ba mu da magana." Ubangiji yake nufi. Shekaru muka yi a haka, har 'yarmu ta zo ta girma ta tarar da abin, ba ta ma san akwai lokacin da ba haka yake ba.

Motar ta yi 'yan watanni a gidan kafin in lura. Tagar kicin ɗina tana kallon gindin dalbejiyar da yake ajiye ta. Wata safiya ina wanke kofi sai na ga ya shiga, ya ja ƙofa, ya ɗaga gilashi duk da zafin da ake yi, ya kashe rediyon da ba ya rabuwa da shi. Sannan ya sunkuyar da kai, ya ɗan karkata shi gefe, ya rufe ido. Shiru. Can sai motar ta tashi, ya fita abinsa. Saura kaɗan kofin ya suɓuce mini.

Washegari ma haka, jibi ma haka. Wata rana zai sunkuya, ya ɗago, ya kai wa ƙarƙashin sitiyari mari da tafin hannu, ya sake sunkuyawa. Sai in ce a raina, to, yau kokawa suke yi da Ubangijinsa, ai ko faɗa ne dai an fara magana. In ina cikin motar ina zuba, sai ya ɗaga ɗan yatsa ya ce, "Dakata." Ni da ko likita bai isa ya sa ni shiru ba, sai in kama bakina, in sunkuya ni ma, zuciyata fal da murna. Ban taɓa tambayarsa ba. Tsoro nake ji kada in yi motsi ya fasa, kamar kazar da ta fara cin tsaba a hannunka. Matan zumunta na cocinmu kawai na tsegunta wa, na ce su ci gaba da addu'a, kuma duk wadda ta kuskura ta yi masa maganar, ni da ita ne.

Ciwon da ya kama shi bai ba mu lokaci ba. Idonsa ya yi rawaya, cikinsa ya kumbura, kafin mu ankara muna asibiti a Zariya, daga ƙarshe ma baki ya rufe. Da ya cika, muka kai gawarsa ƙauyensu a motar haya. Faston can ya san labarinsa, saboda haka ya kira ni gefe, gaban dattawa da mahaifiyarsa, ya tambaye ni cikin taushin murya ko marigayi ya komo ga Ubangiji kafin ya tafi, don ya san abin da zai faɗa a bakin kabari. Ban ji ko ɗar ba. Na ce kullum safiya yana addu'a, a cikin motarsa, da idona na gani. A kan wannan fasto ya yi wa'azi, mutane suna gyaɗa kai. Mahaifiyar tasa ta riƙe hannuna gam tana cewa, "'Yata, kin sauke mini dutse daga ƙirji."

Bayan an watse ne babban wansa, wanda nake kira Yaya, ya tayar da maganar kaya. Ya ce, "Matarmu, mota ba ta mace mai takaba ba ce. A kawo ta gida a san yadda za a yi da ita."

Na ce, "Yaya, ku ɗauki babur, ku ɗauki fadamar, har rediyo ku ɗauka. Amma wurin da ƙaninka yake ganawa da Allah ba za a ɗora wa awaki a kai kasuwa ba, ina raye."

"Kin iya tuƙi ne?"

"Shi ya koya mini, a filin makarantar firamare." Gaskiya ne, sai dai ban faɗa masa cewa kullum shi yake tayar da ita ya matsa in karɓi sitiyari ba.

Yaya ba mugu ba ne, taurin kai ne da shi irin na gidansu. Sai ya yanke magana. Zai zo Makarfi gab da Kirsimeti. In ya tarar da motar tana yawo, ina amfani da ita, ta zama tawa ni da yarinyar. In ya tarar kaji na ƙwai a ƙarƙashinta, zai ja ta zuwa Kano a sayar wa masu fasa motoci. Na ce na yarda, da ƙarfina kuwa.

Na dawo gidan da ba kowa. Maƙwabtana Musulmi ne, kuma sun yi mini abin da ba zan manta ba. Mata suka yi ta shigowa gaisuwa da kwanukan tuwo, maza suna tsayawa daga ƙofa su yi doguwar ta'aziyya. Amma gaisuwa tana ƙarewa, kowa yana da gonarsa da tukunyarsa. Sai ni da bango. Takalmansa na fadama suna bakin ƙofa da busasshen taɓo a jiki, na kasa ɗaga su. In na auna shinkafa sai in ga na auna ta mutum biyu. La'asar ɗin Lahadi ta fi kowane lokaci muni: an taso daga sujada, kowace mace ta bi mijinta, ni kuma in zo in zauna ina jin kukan kurciya a kan dalbejiya. Ashe duk surutuna da shi nake yi. Da ya tafi sai na ga ba ni da abin faɗa wa kowa, kaɗaici ya kama ni sosai.

Ranar da na fara gwada motar na yi komai yadda na ga yana yi. Na ja ƙofa, na ɗaga gilashi, na sunkuya, na yi addu'ata mai kyau. Sannan na sa makulli na murɗa shi gaba ɗaya. Inji ya yi ta juyi, gir-gir-gir, bai kama ba. Na sake addu'a, wadda ta fi ta farko tsawo, na sake murɗawa. Haka na yi ta yi har batir ya mutu mus. Aka kai shi caji a kan babur, ya yi kwanaki a can saboda ba wuta.

Na kira bakaniken tasha, wanda duk motocin haya na hanyar Kudan a hannunsa suke. Ya ɗaga bonet, ya leƙa nan, ya leƙa can, ya sosa ƙeya. Ya ce, "Sista, ina kafiretar?"

Na ce, "Ni kake tambaya? Ni na haife ta?"

Ya ce in shiga in yi ta taka totur, haka ake kiran mai ya taho. Na taka har cinyata ta yi tsami, yana ta ihu, "Ba ta! Ƙara ba ta!" Ko gezau. Ya ce to a tura. Da aka idar da sallar la'asar ya tattaro mutanen masallacin unguwa, dattawa da manyan rigunansu, suka tura ni har hanyar kasuwa, ina sakin kuloci motar tana zabura tana tsayawa, suka sake turo ni gida suna haki. Kunya kamar in nutse. Washegari ya sa na sayo mai wurin 'yan bunburutu, don gidan mai ya daɗe a rufe, ya zuba kaɗan ta bututun iska. Motar ta yi tari, ta kama, kafin in ce Allah na gode ta mutu.

Daga nan ya wanke hannunsa. Ya ce wannan irin sababbin motocin ne masu ƙwaƙwalwa, kuma ƙwaƙwalwar ce ta taɓu, shi bai koyi aikin mahaukata ba. Na ce masa dama can bai koyi komai ba sai ihu. Mun daɗe ba ma gaisawa.

Tsohuwar da ke maƙwabtaka da ni ta leƙo ta katanga ta ce, "Sista, ki ƙyale ta. Takaba take yi, ita ma mijinta ne." Na yi dariya, rabona da dariya tun kafin Zariya. Amma a cikin raina wani tunani ne daban, mai zafi. Na ce wato addu'arsa tana tayar da mota, tawa ba ta tayarwa? Ni da nake share coci tun ina budurwa? Mutumin da ya yi shekaru yana gaba da kai ka ji tasa, ni ka ƙi tawa? Haka nake tsayawa a taga ina yi wa Ubangiji tsiwa. Duk da haka wani sanyi nake ji a ƙarƙashin fushin, don in haka ne, an karɓe shi ke nan.

Damina ta janye, aka karya masara, manyan motoci suka fara shigowa ɗaukar rake. Tayar baya ɗaya ta sace. Wata safiya na leƙa ƙarƙashin motar na ga kazar maƙwabta ta gyara wuri, na bi ta da tsintsiya har waje ina zagi.

Ranar awon ciki wani mutumin Ikara ya kawo matarsa. Da ya gan ni sai ya durƙusa ya yi mini ta'aziyya, ya ce bai daɗe da jin rasuwar ba. Ban gane shi ba, sai ya ce shi mai gyaran wayar mota ne, a Kano ya koyi aiki inda ake sauke 'yan Beljiyam, kuma Malamin gona yakan biya ta wurinsa in ya je Ikara. Ya ce, "Ina farar motar? Tana nan?" Na ce tana nan tana takaba. Ya ce zai zo ranar Asabar.

Ya zo da hantsi a kan babur, da 'yar jakar kayan aiki. Mutum ne mai fara'a, mai son hira. Muka gaisa, ya tambayi yarinya, ya tambayi mutanen gida, ya sake yin addu'ar Allah ya ba da haƙuri. Bai ko kalli bonet ba. Ya ce, "Sista, shiga baya ki zauna, ki ja ƙofa." Shi ya shiga wurin direba, ya ɗaga gilashi. Ya sa makulli ya murɗa kaɗan, iya inda fitilun gaban sitiyari suke kamawa, ya tsaya a nan. Sai ya sunkuyar da kai, ya karkata shi gefe, ya rufe ido.

Daga baya nake kallonsa, ƙeya ce kawai da kafaɗa, kuma sak. Na ce wa kaina, bisimilla yake yi, Musulmi ne, me ya fi wannan? Sai ya ɗago, ya mayar da makulli, ya kai wa ƙarƙashin sitiyari mari da tafin hannu. Ya sake murɗawa, ya sake sunkuyawa.

A ƙarƙashin kujerar da nake zaune wani abu ya yi ƙara, siririya, zzzz, kamar ƙudan zuma a cikin gora. Kafin in gama jin ta sai ƙyas, ta ɗauke.

Ya juyo yana murmushi. "Kin ji?"

Na ce na ji. Na ma taɓa jin ta, ba sau ɗaya ba, lokacin da nake sunkuye kusa da mijina ina yi wa Allah godiya. Ban taɓa ɗauka wani abu ba ce.

Ya gyara zama ya shiga bayani, da jin daɗin mai sana'ar da ya samu mai saurare. Ya ce tsofaffin motocin da bakanikenmu ya sani, inji da kansa yake tsotso mai, shi ya sa taka totur da turi suke musu aiki. Wannan kuwa famfon lantarki gare ta a cikin tanki, nan ƙarƙashina, kuma ba makulli ke ba shi umarni ba, ƙwaƙwalwar motar ce. "Da kin murɗa rabi, sai ta tashe shi ya cika bututu da mai, ta ce masa dakata. Tana jira ne ta ji ko inji zai juya. In kin yi kik, wato kin ƙarasa murɗawa, ta ji yana juyi, sai ta ce wa famfo ci gaba. In ba ta ji komai ba, ba za ta sake shi ba. Ko a kan hanya ne inji ya tsaya, a ce hatsari, Allah ya kiyaye, nan take za ta yanke shi, don kada ya yi ta feso mai a kan wuta. Ƙwaƙwalwar nan lafiyarta ƙalau, ta fi ta wasunmu."

Ya lalubo wani ɗan baƙin abu a ƙarƙashin sitiyari, bai fi akwatin ashana ba sosai. Ya ce sunansa rile, shi ne ɗan aike tsakanin ƙwaƙwalwa da famfo, kuma dalmar cikinsa ta tsage. Wata rana ya kai saƙo, wata rana ya yi barci, sai an mare shi. Zaman damina ya ƙarasa shi. Ga famfon ma ya tsufa, mai yana zurarewa ya koma tanki in mota ta kwana, dole a ba shi lokaci da safe. "In famfo bai yi kuka ba, Sista, ko Kudan aka tura ki ba za ta tashi ba."

Na ce, "Malam, wannan sunkuyon da ka yi fa?"

"Saurare ne. Ai ni na koya wa marigayi! Na ce, Malam, ka kashe rediyo, ka ɗaga gilashi, ka kasa kunne. In ba ka ji ba, ka mare ta nan. Na ce ya bar mini ita in gyara, kullum sai ya ce sai an sare rake."

"Har da rufe ido?"

"Sai an rufe ido ake ji sosai." Ya yi dariya, ya girgiza kai. "Allah sarki, mutumin kirki. Har ce mini ya yi, albarkacin famfon nan Sista ma ta koyi yin shiru."

Ban san yadda na buɗe ƙofar ba. Na tsinci kaina a kicin, tsaye a gaban tagar nan. Ludayi ne ya fara zuwa hannuna, na maka shi da bango. Daga waje mutumin ya yi sallama, wai ko zan taimaka masa da garwashi, zai gasa ƙarfen narka dalma tunda ba wuta. Na hura masa gawayi, na durƙusa ina fifita, hawaye yana zuba. Ya ce, "Sai haƙuri, Sista, rashi ba ya tsufa." Bai san abin da ya yi ba, bawan Allah, kuma ban ga dalilin da zan faɗa masa ba.

Yana cikin aiki ya ce wasu ba sa son wannan jiran, sai a haɗa musu famfon kai tsaye da makulli, a tsallake ƙwaƙwalwar, ya yi ta aiki ko inji na juyi ko ba ya juyi. In ina so zai yi mini, amma shi bai ba ni shawara ba. Na ce ya bar ta yadda mai ita ya bar ta. Ya mayar da ɗan akwatin, aka ba tayar iska, ya sa ni na zauna wurin direba. Murɗa rabi. Saurara. Ta yi kuka, ta ɗauke. Yanzu kik. Motar ta tashi tas, kamar jiya aka ajiye ta. Tsohuwar maƙwabciyata ta rangaɗa guɗa ta kan katanga, yara suka cika ƙofar gida. Na yi godiya, na sallami mutumin da rake da abin da ya samu. Ni kaɗai ce ban yi murna ba a unguwar.

Da la'asar na zauna a bakin ƙofa na fuskanci takalman nan nasa, na zazzage musu. Na ce kai, ka cuce ni. Kana gani ina sunkuyawa kusa da kai kamar wata sakarya, ka ƙyale ni. Ka san abin da nake zato, wallahi ka sani, shiru-shirunka ba na rashin wayo ba ne. Na je na tsaya gaban uwarka da fasto na ba da shaida! Na yi ta faɗa har murya ta dushe. Amma ko a cikin fushin na san bai yi mini ƙarya ba. Bai taɓa cewa addu'a yake yi ba. "Dakata" kawai ya ce, ni na ƙarasa sauran.

Abin da ya fi ci mini rai ba kunyar shaidar ba ce. Na ɗauka na san inda ya tafi, yanzu ban sani ba. Na yi niyyar zuwa wurin fastonmu, har na ɗaura ɗankwali, na kwance. Me zan ce masa? Ya tono wa'azin da aka riga aka binne da mutum?

Na fara zuwa aiki da motar, in an samu mai. Kullum safiya sai in murɗa rabi in saurara, kuma a nan wani abu ya fara damuna. Kukan famfon gajere ne ƙwarai, bai fi a ja numfashi a sauke ba. Ni kuwa a tunanina mijina yakan daɗe a sunkuye fiye da haka. Ina ganin kamar nakan gama wanke kofi in ɗauraye in kife, yana nan bai ɗago ba. To me yake yi bayan famfon ya yi shiru? Ko sake murɗa makullin yake yi don mai ya cika, ni ba na hango hannunsa daga taga? Ko kuwa ni ce nake ƙara tsawon abin yanzu, don ina so ya yi tsawo? Na tsaya a tagar, na wanke kofi ina kallon motar da ba kowa a ciki, wai ko zan tuna. Ban tuna ba. Mutum ɗaya ne ya sani, kuma ko yana da rai sai an yi da gaske zai faɗa.

Yaya ya iso ana saura 'yan kwanaki Kirsimeti, da jakar buhu a hannu. Na hango kan igiya mai kauri yana leƙowa daga ciki, ta jan mota. Na ba shi ruwa, muka gaisa, ya ba ni saƙon Mama, mahaifiyarsu, da na dangi ɗaya bayan ɗaya. Ya ci abinci. Sannan ya ce, "To, matarmu, mu gani."

Ya zauna a gaba kusa da ni, jakar a kan cinyarsa. Na ja ƙofa, na ɗaga gilashi. Ya buɗe baki zai yi magana, na ɗaga ɗan yatsa na ce, "Dakata, Yaya." Na murɗa rabi, na sunkuya, na karkata kai, na rufe ido, don gaskiyar mutumin Ikara ce, sai an rufe ido ake ji sosai. Famfon ya yi kukansa ya ɗauke.

Da na buɗe ido sai na ga Yaya ya cire hula. Kansa a sunkuye, furfura ta cika shi, leɓɓansa suna motsi. Na jira shi. Ya daɗe. Can ya ce, "Amin," ya share fuska da hular, bai kalle ni ba.

Ya ce, "Haka yake yi?"

Na ce, "Haka yake yi, Yaya."

Kik ɗaya ta tashi. Na fitar da mu ta hanyar kasuwa, inda aka taɓa tura ni, muka bi bayan manyan motocin rake har Kudan muka juyo. Sojojin shingen hanya suka leƙo, suka ga farar rigar asibiti a rataye, suka ce mu wuce. Duk tafiyar Yaya sai shafa gefen kujerar yake yi da hannu. Washegari da safe na kai shi tasha. Ya fita, ya rataya jakarsa da igiyar a ciki, ya zagayo ta gefena ya dafa ƙofa.

Ya ce, "Motarki ce. Ko tsufa ta yi kada ki sayar." Sannan ya ƙara da cewa, "Mama ta ce in tambaye ki abu ɗaya. Wai in ya sunkuya ɗin nan, yakan daɗe?"

Masu lodi suna ta kiran fasinja, wani yana buga jikin mota. Na kalli sitiyarin. Na ce, "Ka ce mata ni dai a ganina yakan daɗe."

Ya gyaɗa kai, ya tafi da saƙonsa. Na dawo gida na ajiye motar a gindin dalbejiya na kashe ta, amma ban fita ba. Na ɗaga gilashi, na murɗa makullin rabi. Famfon ya yi kuka, ya yi shiru, yana jira. Na zauna a sunkuye ina jira tare da shi.